Katin Banki Da Ɓarayin Suna: Yadda Jinkirin Sauraron Koke Ke Buɗe Wa 'Yan Damfara Ƙofa

A kasuwar Mile 12 da ke Legas, inda motoci ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa tun kafin gari ya waye, da wuya a yau a ga an kammala babban ciniki ba tare da an zaro kati ko an danna waya ba. Haka abin yake a Dawanau ta Kano da Bodija ta Ibadan da sauran manyan kasuwannin ƙasar nan. Tun daga shekarar 2012, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya soma gwajin shirinsa na rage hulɗa da tsabar kuɗi a jihar Legas, har zuwa ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, fatake da dillalai da yawa waɗanda a da ba su yarda da komai ba sai kuɗi a hannu sun rungumi katin banki, wasu da son ransu, wasu kuma bisa tilas.

Wannan sauyi ya rage fargabar 'yan fashi a kan hanya, amma ya zo da nasa ciwon kai iri biyu. Na farko shi ne wahalar da mai ajiya ke sha kafin bankinsa ya saurare shi idan na'ura ta zare masa kuɗi ba ta biya ba. Na biyu kuwa shi ne ɓarayin zamani masu satar bayanan mutum su yi sojan gona da sunansa, su kwashe abin da ke asusunsa ko su ci bashi a madadinsa. Mutane da dama na ɗaukar waɗannan matsaloli a matsayin abubuwa daban-daban, alhali kuwa ta farkon ce ke ciyar da ta biyun. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuɗin Wa Aka Ɗauka?

Kafin a fahimci dalilin da ya sa koken mai kati ke daɗewa a nan fiye da wasu ƙasashe, ya kamata a bambance tsakanin katunan banki iri biyu. Akwai katin bashi, wanda banki ke biya wa mai shi kuɗin sayayya, shi kuma ya biya bankin daga baya. Akwai kuma katin cirar kuɗi, wato wanda aka fi sani da katin ATM, wanda ke zarar kuɗi kai tsaye daga ajiyar mai shi. Idan ɓarawo ya yi amfani da katin bashi, kuɗin banki ya taɓa, don haka banki ne ke da gaggawar bin sawu. Idan kuwa katin cirar kuɗi ne, jarin mai ajiya ya tafi, shi ne kuma zai yi ta zarya. Mafi yawan katunan da ke hannun jama'a a Nijeriya na kashi na biyu ne.

Katin bashi ya samo asali ne daga Amurka, inda Frank McNamara ya kafa Diners Club a birnin New York a shekarar 1950. A shekarar 1958 Bank of America ya aika wa mazauna garin Fresno na jihar Kalifoniya katuna kimanin 60,000 ta gidan waya ba tare da sun nema ba, kuma daga wannan kati ne kamfanin Visa ya tsiro. Sata da ƙin biyan bashi da suka biyo bayan irin wannan rabon kati barkatai su ne suka sa majalisar dokokin ƙasar ta haramta shi a shekarar 1970, ta kuma ƙayyade cewa asarar mai katin bashi ba za ta wuce dala 50 ba idan wani ya yi amfani da katinsa ba da izninsa ba. Wata dokar ta shekarar 1974 ta ba mai kati kwana 60 ya rubuta ƙorafi kan duk wani lissafi da bai yarda da shi ba, ta wajabta wa banki ya amsa cewa takardar ta iso cikin kwana 30, ya kuma yanke hukunci kafin kwana 90 su cika. A tsawon wannan lokaci ba a tilasta wa mai kati ya biya kuɗin da ake taƙaddama a kansu.

Darasin da ke cikin wannan tarihi darasi ne na tattalin arziki. Duk wanda doka ta ɗora wa asara, shi ne zai kashe kuɗi wajen toshe kafar da asarar ke shigowa. Da aka ɗora wa bankunan Amurka nauyin satar da ake yi da katin bashi, sai suka zuba jari a kan na'urorin da ke lura da sayayyar da ba ta yi kama da ɗabi'ar mai kati ba, su tsayar da ita nan take. Inda kuwa asara ke zama a wuyan mai ajiya har sai ya tabbatar da gaskiyarsa, sashen kula da abokan hulɗa kan zama wurin da ake tsimin kuɗi, a rage ma'aikata, a bar waya tana ta ringi.

Abin Da Ƙa'ida Ta Tanada

Ba za a ce babu ƙa'ida a Nijeriya ba. Babban Bankin ya kafa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a shekarar 2012, ya kuma fitar da cikakkun ƙa'idojin kare su a watan Disamba na shekarar 2019. A watan Yuni na shekarar 2020 ya rage wa'adin mayar da kuɗin da suka maƙale. Bisa wannan umarni, idan mutum ya yi amfani da katinsa a na'urar ATM ta bankinsa, aka zare kuɗi ba su fito ba, wajibi ne su dawo nan take, in kuma na'ura ta gaza, ma'aikata su mayar da su cikin awa 24. Idan na'urar wani banki ce, wa'adin awa 48 ne. Cinikin da ya lalace a na'urar POS ko ta intanet kuwa an ba shi awa 72.

Tsarin kai ƙara shi ma a bayyane yake. Mai koke zai fara da bankinsa, ya karɓi lambar da aka yi wa ƙorafinsa rajista da ita. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ko wata guda ga wasu matsaloli irin na rance da cajin da ya wuce kima, yana da damar rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin, ya haɗa da shaidar cewa ya riga ya kai kukansa banki. A nan ne 'yan kasuwa da yawa ke faɗuwa, domin sun saba da magana ta fatar baki. Mutum zai je reshe sau uku ko huɗu, a ce masa ya yi haƙuri ya dawo jibi, ya tafi ba tare da ko guntun takarda ba. A idon ƙa'ida, ƙorafin da ba shi da lamba tamkar ba a yi shi ba ne.

Jinkirin nan yana da farashi, ko da a ƙarshe an mayar da kuɗin cif-cif. A ɗauka cewa mai sayar da kayan gwari yana juya jarin naira 500,000 sau biyu a mako, yana samun ribar kashi 3 cikin 100 a kowane juyi, wato naira 15,000. Idan wannan jari ya maƙale mako biyu, ya rasa juyi huɗu, wato naira 60,000, ban da kuɗin mota zuwa banki da wunin da ya ɓata a kan layi, ban da kuma zubewar mutunci a wurin wanda ya ba shi kaya yana jiran biya. Babu wanda ke biyansa diyyar wannan. Ga kuma matsalar harshe, domin galibin takardun cikewa da saƙonnin gargaɗi da bankuna ke aikawa da Turanci suke, abin da ke sa maigida ya dogara ga yaron shago ko wani na kusa da shi a kan layi ya karanta masa.

Inda Bango Ya Tsage

Mutumin da jarinsa ya maƙale, wanda ya buga wayar banki har katin wayarsa ya ƙare bai samu mai amsawa ba, shi ne abincin ɗan damfara. Sau da yawa irin wannan mutum kan kai kukansa shafin bankin a dandalin sada zumunta, ya rubuta sunansa da adadin kuɗin da ranar da abin ya faru. Ɓarayi na zaune suna jiran irin wannan saƙo. Cikin 'yan mintoci wani shafi mai ɗauke da tambarin bankin zai amsa masa da ladabi, ya ba shi haƙuri, ya nemi su koma gefe a warware matsalar. Daga nan sai a nemi lambobin da ke jikin katinsa, da ranar ƙarewar aikinsa, da lambobi ukun da ke bayansa, a ƙarshe a ce ya karanto lambar da aka aiko masa ta waya yanzu, wai don a mayar masa da kuɗinsa. Wannan lamba, wadda ake kira OTP, ita ce makullin ƙarshe, da zarar ya faɗe ta kuwa sauran abin da ke asusun ya bi na farko.

Abin lura shi ne ɗan damfara na yin nasara ne saboda ya yi abin da bankin bai yi ba. Ya amsa da wuri, ya saurara, sau da yawa ma ya yi magana da harshen da mai koken ke ji.

Wannan salo na yaudara ya yawaita ne bayan da aka toshe tsohuwar hanya. A da, katunan ATM na ɗauke da bayanansu ne a jikin wani baƙin zane na maganaɗisu, wanda ɓarayi ke kwafewa su buga jabun kati. Wajen shekarar 2010 bankunan Nijeriya, bisa umarnin Babban Bankin, suka koma ga kati mai ƙwayar lantarki da lambar sirri, wanda kwafarsa ke da matuƙar wuya. A wannan fanni Nijeriya ta riga Amurka, wadda ba ta ɗauki matakin da gaske ba sai a watan Oktoba na shekarar 2015, bayan da aka sace bayanan katuna kimanin miliyan 40 daga kantunan Target a ƙarshen shekarar 2013. Da kati ya gagara, sai ɓarayi suka koma kan mai katin da kuma layin wayarsa.

Layin waya a yau ya zama ƙofar asusu, domin ta nan saƙon shiga da fitar kuɗi ke zuwa, ta nan ake aiko da lambar OTP, da shi kuma ake tura kuɗi ta gajerun lambobin da ake dannawa ko a ƙaramar waya. Saboda haka wanda ya saci waya a cikin cunkoson kasuwa, sau da yawa layin yake so fiye da wayar. Wasu kuma kan je ofishin kamfanin sadarwa da bayanan da suka tattara, su ce layinsu ya ɓata, a sabunta musu layin wani. Alamar farko da mai layin zai gani ita ce wayarsa ta ɗauke sabis ba dalili. Akwai kuma haɗarin tsohon layi, domin kamfanonin sadarwa kan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, in kuwa yana haɗe da asusun banki, saƙonnin asusun za su riƙa faɗawa hannun baƙo. Tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda aka soma a shekarar 2011, ya sauƙaƙa ciniki ƙwarai, amma yana nufin kuɗin sata na iya ratsa asusu uku ko huɗu kafin mai su ya isa ƙofar banki.

Idan An Saci Sunan Kansa

Kwashe asusu asara ce ta rana ɗaya. Satar suna kuwa kan bi mutum shekaru. A watan Fabrairu na shekarar 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ke haɗa dukkan asusun mutum a bankunan ƙasar nan da hoton yatsunsa da fuskarsa. Daga watan Disamba na shekarar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a ƙarshen shekarar 2023 kuma Babban Bankin ya ce kowane asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, manyan asusu kuwa da duka biyun. Manufar ita ce a san wanda ke bayan kowane asusu. Sai dai hakan ya sa waɗannan lambobi biyu sun zama haja mai daraja a kasuwar ɓarayi.

Ana tattara su ne ta hanyoyin da ba su yi kama da sata ba: takardar neman aiki ta bogi, sanarwar tallafin gwamnati ko rancen manoma da ake yaɗawa a waya, ko masu yawo unguwa-unguwa suna ba da 'yan kuɗi kaɗan a madadin lambar mutum da hotonsa. Da waɗannan bayanai ake ƙoƙarin buɗe asusun da za a riƙa zuba kuɗin sata, ko a karɓi rance daga kamfanonin da ke ba da bashi ta manhajar waya. Idan aka bi sawun kuɗin, sunan bawan Allah da bai ji ba bai gani ba za a tarar. Bugu da ƙari, tun daga watan Agusta na shekarar 2020 akwai tsarin da ya ba banki ikon cire bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusu da ke haɗe da lambar BVN ta wanda ya ci bashin, ko a wane banki yake. Don haka rancen da aka karɓa da sunan mutum na iya jawo masa rikici a asusun da yake kasuwanci da shi, ya kuma ɓata masa suna a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi.

Ba kullum ne laifin ke wuyan mai suna ba. A shekarar 2017 aka kutsa cikin kwamfutocin Equifax, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ajiye tarihin bashi na Amurka, aka kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 147, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa hulɗa da kamfanin kai tsaye ba. A shekarar 2019 kamfanin ya amince ya biya har dala miliyan 700 na tara da diyya. A nan gida, dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta shekarar 2015 ta tanadi ɗauri ko tara ga mai yin sojan gona da bayanan wani, ciki har da ma'aikacin banki da ya ci amanar aikinsa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yuni na shekarar 2023 kuwa ta wajabta wa duk kamfanin da aka kutsa cikin bayanan da ke hannunsa ya sanar da hukumar da ke kula da wannan fanni cikin awa 72. Yana da kyau kuma a sani cewa inshorar da hukumar NDIC ke yi wa ajiya, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 ga bankunan kasuwanci a shekarar 2024, ta shafi rushewar banki ne, ba ta biyan wanda aka damfara.

Matakan Kariya

Ƙa'ida ta farko ita ce babu bankin da ke neman lambar sirri ko lambar OTP ta waya ko ta saƙo, kuma ba a buƙatar ko ɗaya daga cikinsu don a mayar wa mutum kuɗinsa. Duk wanda ya nema, ko da ya ambaci cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa, ɓarawo ne. Abin da ya dace shi ne a kashe wayar, a kira lambar da ke rubuce a bayan kati.

Na biyu, a raba ƙafa. Asusun da ake tara jari kada a haɗa shi da katin da ake yawo da shi a aljihu, ko wanda ake miƙa wa yaro ya je ya ciro kuɗi. A buɗe ƙaramin asusu na hidimar yau da kullum, a ƙayyade iyakar abin da zai iya fita a rana. Idan yaron shago ya bar aiki, a sauya duk wata lambar sirri da ya sani, ko da an rabu lafiya. A sanya wa layin waya kansa lambar sirri, yadda ba zai yi aiki a wata wayar ba. A wurin masu POS kada a bari kati ya ɓace wa ido, a kuma rufe hannu yayin danna lamba. Bankuna da yawa na da gajeriyar lambar da za a iya dannawa a wayar kowa don rufe asusu, ya kamata a rubuta ta a littafin shago tun kafin buƙatarta ta taso. Dokar shekarar 2017 da ta tsara aikin kamfanonin ajiye tarihin bashi ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, wanda ta nan ne mutum zai gano ko an ci bashi da sunansa.

Idan kuwa ta riga ta faru, awa ta farko ta fi mako guda na baya amfani. Tun shekarar 2015 Babban Bankin ya umarci bankuna su kafa teburin karɓar rahoton zamba mai aiki dare da rana. A rufe kati da asusu, a sanar da wannan tebur domin ya tuntuɓi bankin da kuɗin suka faɗa a dakatar da su, a sanar da kamfanin sadarwa idan layi ne aka ɗauke. Bayan haka a rubuta ƙorafi, a karɓi lambarsa da kwafin da aka buga wa hatimi, a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, a kuma adana kowane rasit da saƙo.

Nauyin Da Ke Kan Bankuna

Duk da haka, ba adalci ba ne a tattara nauyin duka a ɗora wa mai ajiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗin sata ba sa ɓacewa a iska, a wani asusu suke sauka, kuma wani banki ne ko kamfanin hada-hadar kuɗi ya buɗe wannan asusu. Wannan ne ya sa a watan Afrilu na shekarar 2024 Babban Bankin ya dakatar da wasu manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa na 'yan makonni, har sai sun gyara yadda suke tantance masu buɗe asusu.

Birtaniya ta yi gaba a wannan hanya. Daga ranar 7 ga Oktoba, 2024, dokar ƙasar ta wajabta wa bankuna su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa abin da ya rasa, har zuwa fam 85,000, bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba asarar biyu, sai fa idan an tabbatar da mummunan sakaci daga mai asusun. Ko wannan tsari zai dace da Nijeriya yadda yake, abu ne da masu tsara manufofi za su auna. Amma tushensa shi ne dai wanda majalisar Amurka ta bi a shekarar 1970, wato a ɗora asara a kan wanda ya fi ikon hana ta.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane banki zai iya yi ba tare da jiran doka ba: ya ɗauki isassun ma'aikatan da za su amsa waya da Hausa da sauran harsunan da abokan hulɗarsa ke ji, ya ba kowane mai koke lambar ƙorafinsa ba sai ya roƙa ba, ya kuma cika wa'adin da aka gindaya masa. Ɗan kasuwar da ya tabbata bankinsa zai amsa kiransa cikin minti biyar ba shi da dalilin sauraron baƙuwar murya da ke yi masa alkawarin taimako.